"Da": Tarihin Gaɓa Ɗaya a Bakin Al'ummai

A farkon watan Fabrairun 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, wasu mawaƙa da masu zane da suka guje wa yaƙin suka buɗe wani ɗan gidan wasa a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, suka sa masa suna Cabaret Voltaire. Cikinsu akwai Jamusawa, Hugo Ball da Richard Huelsenbeck, akwai kuma 'yan Romaniya biyu, Tristan Tzara da Marcel Janco. A layin da gidan yake, ƙofofi kaɗan gaba, Lenin yana zaune a ɗakin haya, ba wanda ya damu da shi. Waɗannan samari sun ƙosa da Turai mai tinƙaho da hankali da wayewa alhali tana tura 'ya'yanta mayanka, don haka suka laƙaba wa tafiyarsu suna irin na gwarancin jariri: Dada.

Har yau ana gardamar wanda ya tsinto sunan. Huelsenbeck ya ce a ƙamus na Faransanci da Jamusanci suka ci karo da shi, inda yake nufin dokin kara na yara. Wasu suka ce daga bakin 'yan Romaniyan nan biyu aka ɗauko shi, don ba sa gama magana ba su ce "da, da" ba, wato "i, i". Tzara kuwa, a takardar manufa da ya fitar a 1918, ya dage cewa kalmar ba ta nufin komai, sannan a cikin takardar dai ya zauna yana jero ma'anoninta a harsuna daban-daban. Da ya leƙa gaba, da jerin ya fi haka tsawo. A Suwahili "dada" 'yar'uwa ce, a Hindi kakan mutum ne na wajen uba, a Bangali yaya ne namiji, a Yarbanci suna ne na yaron da aka haifa da gashi a cuɗe, a gidaje da yawa na Fulani da Hausawa kuma uwa ake kira haka.

Idan aka raba kalmar biyu aka ɗauki rabi, lamarin ya fi haka yawa. Bahaushe ma ba ya buƙatar fita daga gida kafin ya ga hakan. Akwai "da" ta haɗa abu biyu, kamar Audu da Bala. Akwai ta kayan aiki, kamar ya yanka da wuƙa. Akwai ta "mutumin da ya zo". Akwai ta "da ruwa a tulu", mai nufin akwai. Akwai ta zamanin da. Akwai kuma ta "da na sani", wadda aka ce ƙeya ce. A baka ba duka suke ɗaya ba. Ta haɗi gajeruwa ce mai karin sauti ƙasa, ta zamanin da doguwa ce mai faɗuwa daga sama, ta nadama doguwa ce amma a ƙasa take. Rubutun boko ne ya yi musu riga ɗaya, tun da ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Kafin a tsayar da haruffa masu lanƙwasa a shekarun 1930, har "ɗa" na cikin mutum sai an yi masa ɗigo ko waƙafi kafin a raba shi da su. Duk da haka yaro ɗan firamare zai karanta "da a da ne, da ɗa da uba ba su zauna tabarma ɗaya ba" bai yi tuntuɓe ba.

A maƙwabta gaɓar ta sauya kaya. A Kanuri "da" nama ne. A Bambara na ƙasar Mali baki ne, ƙofa ce kuma. A Ewe na Gana da Togo maciji ne. A Yarbanci, in aka ɗaga murya halitta ce, in aka sauke zubawa ce. A Tuwi na Asante tana nufin rana ta lissafi, tana kuma nufin barci, kamar dai yadda "kwana" ta haɗa ma'anonin nan biyu a Hausa. Can nesa, Barashe da Babulgare da Basabe in sun ce "da" amsawa suke yi, daga wajensu ne ma Romaniyanci, wanda asalinsa Latin ne, ya aro ta. Bajamushe yana nufin "can" ko "nan". Mutumin Wels a Birtaniya yana nufin "mai kyau", shi ya sa gaisuwarsa ta safe take ƙarewa da ita. A Turkanci tana bin bayan kalma da ma'anar "ma", kamar a ce ni ma. A Italiyanci "daga" ce, don haka Leonardo da Vinci na nufin Leonardo na garin Vinci, kamar a ce Malam Shehu na Gwandu, ba sunan mahaifi ba ne. A Sinanci, da murya mai faɗuwa "babba" ce, da murya mai nutsewa ta taso kuma "duka" ne.

Wasu daga cikin waɗannan ma a takarda kawai suke kama da juna. A harshen Biyetnam ana rubuta "da" a nufi fata, amma mutumin Hanoi "za" yake furtawa, na kudancin ƙasar kuma "ya". Limaman mishan na Turai ne suka tsara rubutun a ƙarni na 17, suka ba harafin wannan aiki. Na Sinanci ma, a tsarin rubutun Pinyin da aka amince da shi a 1958, harafin yana wakiltar sautin da ya fi kusa da "t" a kunnen Bahaushe.

Inda abin yake rikita mutum shi ne inda sauti da ma'ana suka haɗu gaba ɗaya. A Japananci "da" tana zuwa ƙarshen jimla da aikin "ne" ko "ce". A harshen Baskawa, masu zaune a kan iyakar Sifaniya da Faransa, waɗanda harshensu ba shi da ɗan'uwa ko ɗaya da aka sani a raye, "da" tana yin wannan aikin daidai. A harshen Jojiya da ke tsaunukan Kaukasus kuwa, "da" ita ce kalmar haɗi, kamar ta Hausa ba bambanci. Ta kuma zama kalmar 'yar'uwa. Tsohon salon Rashanci ma yana haɗa suna biyu da "da". Wanda ya ga haka, in bai yi hattara ba, sai ya fara tunanin ayarin da ya taɓa tashi daga Tibilisi ya sauka a Kano.

Babu ayarin. Lissafi ne kawai. Harshen da yake da baƙaƙe 20 da wasula 5 ba zai iya ƙera gaɓoɓi masu baƙi ɗaya da wasali ɗaya fiye da 100 ba. Kowane harshe kuma yana da tarin ƙananan kalmomi da yake amfani da su a kowace jimla, kuma tun 1935 George Zipf ya nuna cewa gwargwadon yawan amfani da kalma, gwargwadon gajartarta. Baki yana cinye abin da yake yawan taunawa. Sautin "a" shi ne wasalin da kusan babu harshen da ya rasa shi, sautin da ake yi da kan harshe a bayan haƙora kuma yana cikin na farko da jariri ke iyawa. A duniya akwai harsuna wajen 7,000. In aka zuba ma'anoni masu yawa haka cikin 'yan tukwane ƙalilan, dole wasu su faɗa tukunya ɗaya. Abin mamaki shi ne a ce ba a samu arashi ba. Kalmomin gwaranci irin su mama da baba da dada suna da nasu ƙarin dalili, wanda Roman Jakobson ya bayyana a 1960: jariri ne ke fitar da sautin, iyaye ne ke ba shi ma'ana, kowace al'umma da yadda ta raba. Shi ya sa a Jojiya "mama" uba ne, uwa kuma "deda".

Mutanen da ba su rasa lura da cewa gaɓa ɗaya tana ɗaukar kaya da yawa ba. A ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan addinin Hindu, Brihadaranyaka Upanishad, akwai labarin Prajapati da almajiransa kashi uku, alloli da mutane da aljanu, suka nemi ya yi musu wasiyya. Kowane kashi ya ce musu "da" kawai. Na farko suka fahimci kame kai, na biyu suka fahimci kyauta, na uku suka fahimci tausayi, domin kalmomin uku duk da wannan gaɓar suke farawa a Sansikirit, ya kuma ce kowa ya fahimta daidai. Mawaƙin nan T. S. Eliot ya ɗauko labarin ya rufe doguwar waƙarsa ta 1922 da shi. Amma abin da ya fi yawa a tarihi akasin wannan ne: mutum ya ji sauti guda a wuri biyu, ya ɗauka ya gano asali, asalin kuma kusan kullum sai ya faɗo a ƙofar gidansu.

Herodotus ya ba da labarin Fir'auna Psamtik na ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda ya so ya san al'ummar da ta fi kowace daɗewa. Ya sa aka ba wani makiyayi jarirai biyu, aka hana kowa yi musu magana. Bayan shekara biyu suka ce "bekos", aka bincika aka tarar gurasa ake kira haka a harshen Firijiyawa na Anatoliya, Misirawa suka sallama musu girma. Wannan aƙalla ya yarda da hukuncin da bai yi masa daɗi ba, ko da yake masu sharhi daga baya sun lura cewa yaran da suka tashi cikin awaki ba abin mamaki ba ne su ce "be".

Likitan nan na birnin Antwerp, Jan van Gorp, wanda aka fi sani da Goropius Becanus, bai yi irin wannan kara ba. A littafin da ya buga a 1569 ya kafa hujja da cewa harshen farko dole ya zama mafi sauƙi, mafi sauƙi kuma shi ne mai gajerun kalmomi. Harshen garinsu cike yake da kalmomi masu gaɓa ɗaya, saboda haka shi aka yi a Aljanna. Daga nan ya shiga fasa sunaye: Adamu ya zama kalmomi biyu na Holanci masu nufin madatsar ƙiyayya. Mutum ne mai ilimi, ya san harsuna da dama, kuma hanyarsa ba ta da wahalar bi, domin duk doguwar kalma in aka yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa za ta yi kama da wani abu a harshen mai yankan. Leibniz daga baya ya ƙera fi'ili daga sunansa, mai nufin ƙago asalin kalma na banza. Sunan ya zama abin dariya, hanyar kuwa ba ta mutu ba.

Abin da ya raba gardama ya soma ne daga Kalkata. A ranar 2 ga Fabrairun 1786 alƙali William Jones ya gaya wa ƙungiyar masana ta Asiatic Society cewa kamar da ke tsakanin Sansikirit da Girkanci da Latin, a saiwoyin fi'ili da kuma tsarin nahawu, ta fi ƙarfin arashi, sai dai a ce daga tushe ɗaya suka fito. Franz Bopp a 1816, Rasmus Rask a 1818, da Jacob Grimm a 1822 suka mai da wannan hasashe ya zama aiki mai ƙa'ida. Abin da suka gano shi ne sauti ba ya sauyawa a kalma ɗaya ya bar sauran. In ya sauya, yakan sauya ne a duk inda yake cikin yanayi iri ɗaya. Inda Latin ke da "d" a farkon kalma, Jamusanci yana da "z": duo da zwei, biyu ke nan; decem da zehn, goma ke nan. Inda Latin ke da "t" kuwa, a nan Jamusanci ke da "d": tres da drei, uku, tu da du, kai.

Wannan ƙa'ida ta yi wa "da" hukunci nan take. Tun da "d" na Jamusanci daga tsohon "t" ya fito, to "da" ta Bajamushe ba ta da dangantaka da "da" ta Barashe, duk da cewa harsunan biyu 'yan gida ɗaya ne. 'Yar'uwarta a Rashanci ita ce "tam", mai nufin can, wadda ba ta ma yi kama da ita sosai ba. Ta Italiyanci kuma daga haɗuwar ƙananan kalmomin Latin biyu ta samu, de da ab. Ta Japananci gajarcewar "de aru" ce, an kuma ga matakan gajarcewar a rubuce cikin ƙarnuka. Kowace aka bi sawunta baya sai a ga tana nisanta daga sauran, alhali 'yan'uwa na gaskiya in aka bi su baya matsowa suke yi.

Akwai "da" ɗaya da ta ci jarrabawar. A Latin "da" umarni ne, wato bayar. A Sifaniyanci da Italiyanci har yau tana nufin yana bayarwa, Italiyawa ma sukan ɗora mata alama don kada ta cuɗe da ta "daga". A Rashanci bayarwa "dat" ce, a Farisanci "dadan", a Sansikirit saiwar ita ce "da" mai dogon wasali, wadda mutane suka ji a bakin Prajapati. Abin da ya tabbatar da zumuncin shi ne kalmar ba ita kaɗai ta zo ba. "Ina bayarwa" a Sansikirit dadami ce, a Girkanci didomi: duka biyun sun ninka gaɓar farko, duka biyun sun ƙare da "mi" mai nuna mai magana. Arashi yana iya haɗa gaɓa ɗaya, amma ba ya haɗa saiwa da ninki da ɗafa-ƙeya a jere, a fi'ili bayan fi'ili.

Daga nan masana suka koyi zargin kamar da ta yi yawa. Farisanci yana da "bad" mai nufin mummuna, daidai da Ingilishi, kuma ba su haɗa tushe ba. Latin deus da Girkanci theos duk abin bauta suke nufi, ba su haɗa tushe ba su ma. Amma "erku", biyu a harshen Armeniya, 'yar'uwar duo ce ta jini, domin duk inda tsohon harshen yake da "dw" a farko, Armeniyanci yana da "erk". Misalin da aka fi so shi ne na R. M. W. Dixon, wanda ya yi aiki da Albert Bennett, ɗaya daga cikin na ƙarshe masu jin harshen Mbabaram a arewacin Ostireliya. Da ya tambayi sunan kare, sai aka ce masa "dog". Ba aro ba ne daga Ingilishi. Harsunan maƙwabta suna da "gudaga", Mbabaram kuma yana da ɗabi'ar yar da gaɓar farko da wasalin ƙarshe, ya sauya wasalin tsakiya. A bi ƙa'idojin ɗaya bayan ɗaya, sai ga kalmar ta fito.

Da a ce lamarin ya tsaya a ɗakin karatu, da abin nishaɗi ne kawai. Amma a ƙarni na 20 gwamnatoci sun shigo ciki. A Turkiyya, a 1935 da 1936, da goyon bayan Atatürk, aka yaɗa ra'ayin da ake kira na Harshen Rana, mai cewa duk harsuna sun tsiro ne daga gaɓar farko da tsohon Baturke ya furta da ya dubi rana. Ra'ayin ya yi wa gwamnati wani amfani na ɓoye: ana cikin yaƙin korar kalmomin Larabci da Farisanci daga Turkanci har mutane sun fara kasa fahimtar jarida, sai ga hujjar da ta ce ba sai an kore su ba, ai tun asali na Turkawa ne. Bayan rasuwar Atatürk a 1938 aka bar maganar ta mutu a hankali.

A Tarayyar Sobiyet abin ya fi muni. Nikolai Marr, haifaffen Kutaisi a Jojiya, masani ne na gaske a kan harsunan Kaukasus kafin ya yanke cewa kalmomin duk harsunan duniya daga gaɓoɓi huɗu suka fito: sal, ber, yon da rosh. Ya haɗa wannan da aƙidar Markisanci, ya zama karatun hukuma, ɗalibai suka riƙa fasa kalmomi suna neman gaɓoɓin nan a ciki. Yevgeny Polivanov, wanda ya fito fili ya ƙaryata shi a 1929, ya rasa matsayinsa a Mosko, ya koma Asiya ta Tsakiya, aka kama shi a 1937, aka harbe shi a 1938 bisa zargin leƙen asiri. Marr ya mutu a 1934 amma karatunsa ya ci gaba da mulki har Yunin 1950, lokacin da Stalin da kansa ya rubuta a jaridar Pravda ya rushe shi. Shi ma Stalin ɗan Jojiya ne. Shi da Marr duk sun tashi suna jin "da" a matsayin kalmar haɗi a gida, suna jin ta a matsayin "i" a bakin hukuma.

Hausa ta shiga wannan tarihi ta wata ƙofa. Turawan da suka fara nazarinta a ƙarni na 19, irin su J. F. Schön, sun lura tana bambanta namiji da mace a nahawu, abin da yawancin harsunan Afirka ta Yamma ba sa yi, suka kuma ji ƙamshin Larabci da Ibrananci a cikinta. Lurar daidai ce, amma fassarar da aka yi mata ta karkace. A 1912 Carl Meinhof ya buga littafi a kan harsunan da ya kira na Hamawa, ya tara Hausa da Fulfulde da Masai da Nama na kudancin Afirka da Somali da harshen Berber a jaka ɗaya. 'Yan kamanni na nahawu ne ya riƙe, sauran kuma ya cike da imanin cewa wasu makiyaya masu hasken fata ne suka shigo daga arewa maso gabas suka mallaki baƙaƙe. C. G. Seligman a 1930 ya kai maganar ƙarshe, ya ce duk wayewar Afirka ta waɗannan baƙi ce. An koyar da irin wannan a makarantun mishan na Ruwanda, inda aka ce Tutsi baƙi ne daga Habasha, alhali su da Hutu harshe ɗaya suke yi. Masu tunzura kisan 1994 sun yi amfani da wannan tatsuniya.

Wanda ya kwance jakar Meinhof ya san ƙasar Hausa da ƙafarsa. Joseph Greenberg ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939 yana binciken digirinsa, sannan daga 1949 ya fara fitar da maƙaloli da suka zama littafinsa na 1963 a kan harsunan Afirka. Ya ce a ajiye launin fata da shanu, a dubi harshe kawai. Ya nuna Fulfulde 'yar'uwar Serer da Wolof ce ta Senegal. Ya nuna Hausa ba baƙuwa ba ce tilo a cikin maƙwabtanta, ɗaya ce daga cikin harsunan Cadi sama da 100, su kuma reshe ne na babban gidan Afro-Asiya tare da Larabci da Ibrananci da Berber da Somali da tsohon Misiranci. A 1966 Paul Newman da Roxana Ma suka ƙarfafa wannan da jerin sauye-sauyen sauti irin na Grimm.

A nan ne gajerun kalmomi suka fanshi kansu. Mai son nuna kusancin Hausa da Larabci yakan kawo littafi da alƙalami da Lahadi da ishirin, amma waɗannan aro ne, sun shigo da addini da kasuwanci, ba sa nuna jini. Shaidar jini tana cikin ƙananan abubuwan da ba a kula da su. Bahaushe yana cewa littafinka ga namiji, littafinki ga mace, littafinku ga jama'a. Balarabe yana cewa kitabuka, kitabuki, kitabukum. "Ka" ita kaɗai ba ta fi "da" ta Jojiya daraja ba. Amma ka da ki da ku, a jere, kowace a gurbinta, tare da "t" mai nuna mace a harsunan biyu, tare da mutu da mata, da suna da ism, da me da ma, wannan ya wuce arashi. Ga kuma huɗu, wadda wasu Hausawa ke cewa fuɗu: ba ta yi kama da arba'a ba ko kaɗan, amma tsoffin Misirawa sun rubuta tasu da baƙaƙen f da d da w. A ɗaya ɓangaren, mutum na Hausa da mtu na Suwahili suna kama kamar an tsaga kara, sai an zo jam'i asiri ke tonuwa: nan mutane, can watu, domin a Suwahili "m" ɗin ɗafa-goshi ne, ba ya cikin saiwar.

Greenberg da kansa bai tsira ba. A 1987 ya fitar da littafin da ya tara kusan duk harsunan asali na nahiyar Amurka a gida ɗaya, ta hanyar jera kalmomi masu kama daga ɗaruruwan harsuna ba tare da tsayar da ƙa'idojin sauyin sauti ba. Yawancin ƙwararrun fannin suka ƙi karɓa. Kalmomin gajeru ne, an kuma sassauta ma'ana ƙwarai, kuma Donald Ringe a 1992 ya nuna da lissafi yadda arashi kaɗai ke iya haifar da irin wannan kama. Mutumin da ya ceto Hausa daga hannun masu ganin kama, ganin kama ne ya kayar da shi a wata nahiyar.

A gida ma sana'ar Goropius tana da magada. An ce Hausa daga "hau sa" ta samu, an ce daga Habasha. An fasa sunan Bayajidda an ce "ba ya ji da", wato baƙon da a da ba ya jin harshen mutanen Daura. Wasu masana tarihi kuma suka haɗa sunan da Abu Yazid, ɗan tawayen da ya yaƙi Fatimiyyawa a Afirka ta Arewa ya mutu a 947. H. R. Palmer, wanda ya yi razdan kafin ya shugabanci Jihar Arewa a shekarun 1920, ya cika littattafansa da irin wannan haɗe-haɗe, duk sunan da ya ji sai ya nemo masa ɗan'uwa a gabas. Fassarar "ba ya ji da" tana da daɗin ji, kuma ta faɗi wani abu game da yadda Hausawa suka ɗauki labarin, amma a matsayin shaidar asali nauyinta ɗaya da madatsar ƙiyayya ta mutumin Antwerp. Haka nan masu murnar cewa Japan ma tana da Kano, saboda Jigoro Kano da ya kafa wasan judo a 1882. Mutanen garin Obama na can sun yi irin wannan murna a 2008, su dai sun san wasa suke yi.

Dangin Hausa na kusa ba su da nisa haka. Gwandara ce mafi kusa, sai harsunan Cadi na yamma: Angas da Mwaghavul da Ron a Filato, Bolanci da Tangale da Karekare, Ngizim da Bade a Yobe, Warji da Miya da Sayanci a Bauchi. A cikinsu ne ake samun huɗu mai farawa da "f" ko "p" da "ɗ" a tsakiya, a cikinsu ne kuma mai son sanin yadda Hausa take kafin a fara rubuta ta zai sami abin gwadawa. Da yawa daga ƙananansu yara sun daina yi, Hausar ce kuma take maye gurbinsu. Harshen Ajawa na ƙasar Bauchi ya ƙare tsakanin 1920 da 1940, bayan masu shi sun koma Hausa gaba ɗaya.